Mai taɓin hankali da ke kwana a titi: magani za a fara ba shi ko ɗaki?

Mai Sa Kai:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana. Tambayata a kan manya ce, maza da mata, waɗanda ba su da wurin kwana kuma suna fama da ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani, wasu ma ga shaye-shaye a kai. A ce ƙaramar ƙungiya ce ta samu kuɗin kama wa mutum 20 ɗaki na shekara biyu, tana da ma'aikata uku da nas ɗaya mai zuwa sau biyu a mako. Kan mutane ya rabu gida biyu. Wasu na cewa kada a ba kowa makulli sai ya yi wata shida yana shan magani kuma ya bar shaye-shaye, in ba haka ba zai lalata ɗakin, mai gida ya kore shi, kuɗi su tafi a banza. Wasu kuma na cewa wanda ke kwana a bakin hanya ba ya iya riƙe magani, don haka ɗakin ne farko.

Wanne aka gwada aka ga ya yi aiki? Mutum nawa ma'aikaci ɗaya zai iya bibiya ba tare da aikin ya zama na ganin ido ba? Kuma me ke mai da mutum titi bayan an danƙa masa makulli? Don Allah a yi mini dalla-dalla.

Jami'in Muhalli:

Wa alaikumus salam, Malama. Ɗakin ne farko, kuma ba ra'ayi ba ne kawai, an auna.

Abin da rukunin farko ke faɗa shi ne tsohon tsari na hawa-hawa: daga titi zuwa gidan kwana na jama'a, daga can zuwa gidan wucin gadi mai dokoki, sai wanda ya haye duka zai samu nasa ɗakin. Aibinsa, waɗanda ciwonsu ya fi tsanani su ne ke zamewa tun a matakin farko. Ki duba abin da ake nema a wurinsu: mutum ya adana ƙwayoyi a jakar da ake sacewa ko ruwan sama ke jiƙawa, ya sha maganin da ke sa barci mai nauyi alhali barci mai nauyi a waje haɗari ne, balle ga mace. Da yawa daga waɗanda ake rubuta wa "ya ƙi magani" lissafi suka yi, ba taurin kai ba ne.

A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya kafa Pathways to Housing a birnin Niyu Yok, ya juya tsarin. Wannan sabon tsarin ne ake kira Housing First, wato gida tukuna: a ba mutum ɗaki kai tsaye daga titi, ba sharaɗin magani, ba sharaɗin barin shaye-shaye, sannan tawaga ta riƙa zuwa masa. Kusan kashi 80 cikin 100 suka zauna a gidajensu. Kanada ta yi babban gwaji daga 2009 zuwa 2013 a birane biyar, da mutum sama da 2,000 da aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Cikin shekara biyu, waɗanda aka fara ba wa gida sun yi kashi 73 cikin 100 na kwanakinsu a tsayayyen muhalli, 'yan tsohon tsari kashi 32. Finlan kuwa ta mai da shi manufar ƙasa tun 2008, ta riƙa mai da manyan gidajen kwana ɗakuna masu makulli da takardar haya.

To amma sai an bi ƙa'idojinsa, in ba haka ba suna ne kawai.

Babbar ƙa'ida ita ce a raba maganar gida da maganar magani. Abin da zai fitar da kowane ɗan haya shi ne kaɗai zai fitar da wannan: ƙin biyan haya, mummunar ɓarna, barazana ga maƙwabta. Daina shan magani ba ya ciki. Ranar da kuka ce "in ba ka karɓi allura ba za ka rasa ɗakin", daga ranar zai fara ɓoye muku gaskiya, kuma ba za ku san jikinsa ya tashi ba sai abin ya fashe. Sharuɗɗa biyu ne kawai aka saba sawa: ya yarda a ziyarce shi sau ɗaya a mako, kuma in yana da abin shiga ya ba da kashi 30 cikin 100 a kuɗin haya.

Ya zaɓi unguwa da kansa, a nuna masa ɗaki biyu ko uku. Kada a tara su a gini ɗaya. Ƙa'idar Pathways ita ce kada su wuce kashi 20 cikin 100 na ɗakunan gini, don in suka yi yawa gidan ya koma asibiti a idon maƙwabta. Ranar tarewa a ɗauki hoton kowace kusurwa a gaban mai gida. A ba mai gida lambar waya da ake ɗauka dare da rana, a riƙa tura masa kuɗinsa kai tsaye. Yawancin masu gida ba ciwon suke tsoro ba, tsoronsu a bar su da rigima su kaɗai. Amma ba a gaya masa sunan ciwon mutum sai da izinin mai shi.

Maganar ma'aikata: masu buƙata mai yawa ana yi musu tawaga irin wadda Leonard Stein da Mary Ann Test suka fara a Madison ta jihar Wiskonsin a shekarun 1970, mai likita da nas da ma'aikacin walwala, ma'aikaci ɗaya ga mutum 10, kuma su ne ke zuwa inda mutum yake. Masu matsakaiciyar buƙata, ɗaya ga 15 zuwa 20. Uku ga mutum 20 ya isa, muddin ba a rana ɗaya kuka shigar da su duka ɗakunansu ba. A riƙa shigar da mutum uku ko huɗu a wata. Kuma kowane ɗan haya ya san aƙalla ma'aikata biyu, saboda ranar da ɗaya zai bar aiki.

A ganina kuma kada ku kama ɗaki 20. Ku kama 16 ko 17, ragowar kuɗin a ajiye wa abu uku: gyaran ɓarna, biyan haya lokacin da mutum ke kwance a asibiti, da sauya ɗaki. Wasu ɗakin farko ba zai yi musu ba, sai na biyu ko na uku. Wannan cikin aikin yake. Sannan tun watan farko a fara neman wanda zai ɗauki hayar bayan shekara biyun, ko tallafin gwamnati inda akwai shi, ko layin gidajen hukuma, ko sana'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sista Mai Jinya:

Malam ya gama magana a kan ɗaki. Bari in ɗora da jiki da magani, don a nan ake yin kuskuren da ke kai wa ga rasa rai.

Kafin a ce "taɓin hankali ne", a duba jiki. Wanda ya ruɗe cikin 'yan awoyi ko kwana ɗaya biyu, bai san inda yake ba, yana gyangyaɗi yana farkawa, ko ga zazzaɓi, wannan ciwon jiki ne sai an tabbatar da akasin haka: cutar da ta shiga jini, suga da ya faɗi, buguwa a kai, ko janyewar giya. Asibiti za a kai shi a ranar. Cikin makon farko kowa a auna masa jini da suga da nauyi, a duba ƙafafunsa da haƙoransa, a tambayi tari da zufar dare da rama saboda tarin fuka, a yi masa tayin gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, mace kuma a yi mata tayin gwajin ciki kafin kowane magani. Masu ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani na riga sauran mutane mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma akasari cututtukan jiki ne da ba a kula ba, kamar na zuciya da na huhu.

Giya. Wanda ya shekara yana sha kullum, kada wani mai kyakkyawar niyya ya ce masa "tunda ka samu ɗaki, yau ka daina". Rawar jiki da zufa na farawa cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga na iya zuwa cikin awa 48, mummunar ruɗewa da gane-gane a kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma tana kisa. Dainawa sai a hannun ma'aikatan lafiya, tare da bitamin B1.

Masu shan ƙwayoyin dangin hodar iblis daban, masu shan dangin hiroyin da tiramadol da kodin daban. Na biyun ne numfashi ke tsaya wa. Haɗarinsu ya fi yawa bayan an sallamo mutum daga asibiti ko gidan yari, musamman mako biyun farko, domin jiki ya manta da adadin da ya saba, shi kuwa mai shi bai manta ba. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: a titi akwai idon mutane, a ɗaki kuwa ƙofa a kulle take. Don haka inda ake samun naloxone, maganin da ke farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka tsayar wa numfashi, a ajiye a ɗakin, a koya wa shi da abokansa, a kuma gaya musu ƙarfinsa na gushewa cikin minti 30 zuwa 90, dole a kira motar asibiti ko da ya farfaɗo. Tiramadol kuma na jawo jijjiga.

Maganin jin muryoyi da zargin mutane ba ya aiki a kwana uku. Natsuwa na iya zuwa da wuri, amma sai an yi mako 4 zuwa 6 a kan adadin da ya dace kafin a ce bai karɓe shi ba. Abin da ke sa a daina kuwa illa ce, ba mantuwa ba: jiki ya sandare, hannu na rawa, yawu na dalala, wuya ya karkace, ko mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ƙafafu na ta motsi. Wannan na ƙarshen ana yawan ɗaukarsa a matsayin tashin ciwo, sai a ƙara magani, abin ya ƙara muni. A tambayi mutum kai tsaye, har da maganar ƙarfin namiji da jinin al'ada, don ba zai fara faɗa ba. Olanzapine, ɗaya daga irin waɗannan magunguna, na sa ƙiba da hawan suga, sai an riƙa awo. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa ga mai shan waɗannan magunguna kuwa, gaggawa ce ta rai da mutuwa.

Allurar da ke daɗewa a jiki na taimakawa ƙwarai ga wanda ya yarda da ita: haloperidol decanoate duk mako 4, fluphenazine decanoate duk mako 2 zuwa 4. Amma a fara gwada jikinsa da ƙwaya ko ɗan ƙaramin adadi, domin in ta shiga ba ta fitowa. Wanda ya fara maganin tarin fuka a sanar da likitan ƙwaƙwalwa, domin rifampicin da ke cikinsa na rage ƙarfin magungunan ƙwaƙwalwa irin su haloperidol da risperidone. Mace mai shekarun haihuwa a kauce wa ba ta valproate, maganin farfaɗiya da daidaita yanayin rai. Wanda ke da tunanin kashe kansa kada a ba shi amitriptyline, maganin ciwon damuwa, na wata guda a hannu, na mako ɗaya ya isa.

Nas mai zuwa sau biyu a mako ba za ta iya wannan ita kaɗai ba. A horar da ma'aikatan uku da littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, shirin da aka ƙaddamar a 2008 domin waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, a kuma samu likita ɗaya takamaimai da za a iya kira. Kowane ɗan haya a rubuta masa takarda shafi ɗaya lokacin da yake cikin natsuwa: alamomin da ke fara nuna jikinsa zai tashi, wa za a kira, wa ba za a kira ba, wane magani ya taɓa cutar da shi, wa zai riƙe makulli. Ga da yawa alamar farko rashin barci ne dare biyu ko uku a jere.

Malamin Walwala:

Na yarda da su, amma ina so a rage buri kaɗan don kada gwiwa ta yi sanyi daga baya. Abin da gwaje-gwajen suka tabbatar sosai shi ne mutane na zama a gida. Shaye-shaye da alamomin ciwo kuwa, a gwajin Kanada ba a ga wani babban bambanci tsakanin rukunin biyu ba. Ɗaki ba magani ba ne, wuri ne da magani zai iya zama. In kun yi wa masu ba da kuɗi alkawarin kowa zai bar giya cikin shekara, kun ɗaure kanku.

Tambayarki ta uku, Malama, ita ce mai nauyi. Na farko cikin abubuwan da ke mai da mutum titi kaɗaici ne. A waje akwai hayaniya, akwai abokan kwana, akwai abin da ke cika yini, ko da neman abin sawa a baki ne. Ya shiga ɗaki, shiru, muryoyin da yake ji suka ƙara fitowa, abubuwan da suka same shi suka dawo. Wasu sai su kwana a ƙasa gefen gado, wasu su koma tsohon wurinsu dare biyu a mako. A ƙyale su, kada a karɓe makulli. Ɗan rediyo, waya mai kuɗi a ciki, labule, tukunya da abincin mako guda ranar tarewa sun fi dogon wa'azi amfani. A watan farko ziyara sau biyu ko uku a mako, kuma ba duka ce ta "ka sha magani?" ba, a raka shi kasuwa, a nuna masa motar da zai hau zuwa asibiti, a koya masa biyan kuɗin wuta.

Na biyu, tsofaffin abokai. Ya ji kunyar hana su kwana, mutum ɗaya ya zama biyar, wani lokaci masu sayar da ƙwaya su mamaye ɗakin shi ya koma waje. Alamarsa, ya daina buɗe ƙofa ko ya ce a haɗu a bakin titi. Ruwa ba ya tsami banza. Tun kafin tarewa a shirya da shi abin da zai faɗa, ya ɗora laifin a kan ƙungiya: "sun hana ni saukar da baƙi". In ya faru a sauya makulli, in ya ƙi ci a sauya ɗaki.

Na uku, takardu da kuɗi. Katin shaida, takardar haihuwa, asusun banki, katin asibiti: a fara nema tun yana titi, a ajiye kwafi a ofis.

Akwai wani tsari na wata tara da aka gwada a Niyu Yok a kan maza 96 masu barin gidan kwana, aka wallafa sakamakonsa a 1997. Wata uku na farko ma'aikaci na manne da mutum yana haɗa shi da asibiti da mai gida da dangi. Wata uku na biyu ya ja baya ya ga ina igiya ke tsinkewa. Wata uku na ƙarshe ya miƙa ragama. Cikin wata 18, waɗanda aka yi wa haka sun kwana a waje dare 30 a matsakaici, waɗanda ba a yi wa ba kuwa dare 91.

Kuma ba kowa ke son zaman shi kaɗai ba. Ƙungiyar The Banyan da aka kafa a Chennai ta Indiya a 1993 na kama gida a cikin unguwa wa mutum huɗu ko biyar, da mai taimaka musu. A tambayi mutum wanne yake so. Haka maganar dangi: a neme su da izininsa, amma kafin a mai da kowa gida, musamman mace, a tambaye ta a keɓe me ya fito da ita. Wani lokaci gidan ne ciwon.

In da hali, ɗaya daga ma'aikatan ya zama wanda shi ma ya taɓa kwana a titi ya farfaɗo, a biya shi albashi kamar kowa.

Mai Sa Kai:

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Saura ɗaya: wanda ya ce ba ya son ɗakin, ba ya son magani, ba ya ma son a matso kusa da shi fa? A bar shi, ko a ɗauke shi da ƙarfi don amfanin kansa?

Sista Mai Jinya:

Amin, 'yar'uwa. Ba a barinsa, ba a kuma ɗaukarsa da ƙarfi don kawai ya ce a'a.

Kwantar da mutum a asibiti ba da son ransa ba, wannan hurumin likita ne a ƙarƙashin dokar ƙasar da ake ciki, kuma sai da haɗari na kusa: zai kashe kansa, zai ji wa wani rauni, ko ya daina ci da sha, ko ciwon jiki na neman halaka shi bai gane ba. Ƙazanta, surutu shi kaɗai, ko damun masu wucewa ba dalili ba ne. Ɗauri da mari da duka kuwa ba su da gurbi ko kaɗan. Wanda aka taɓa yi wa haka, shi ne wanda za ku ga yana gudunku yau.

Sauran aikin haƙuri ne mai tsari. Mutum biyu, fuskoki iri ɗaya, rana ɗaya, lokaci ɗaya kowane mako, ba kayan sarki, ba 'yan sanda a baya. A tsaya nesa kaɗan, a bar masa hanyar tashi, a faɗi suna da dalilin zuwa. Kada a yi masa musu a kan abin da ya gaskata, kada kuma a ce masa gaskiya ne. A tsaya a kan abin da yake ji, "wannan abin na hana ka barci ke nan". A tambaye shi me yake buƙata yau, ko da takalmi ne ko wanke gyambo, a kawo a ranar da aka ce. Yana iya ɗaukar watanni. Sau da yawa "ba na so" na nufin ba ya son gidan kwana mai cunkoso, ko ba zai rabu da abokiyar zamansa ko dabbarsa ba, ko ya ɗauka tarkon asibiti ne. A ce masa ya zo ya ga ɗakin kawai, ya riƙe makulli, ba sai ya kwana ba.

In an ga alamar ya yanke ƙauna, a tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, ko ya shirya yadda zai yi, ko abin yana hannunsa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ya ce e kuma da shiri, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya kira likita.

Bayan kowace ziyara a rubuta kwanan wata, inda aka same shi, yanayin jikinsa, abin da ya nema da abin da aka yi masa alkawari. In an je sau biyu a jere ba a gan shi ba, a duba asibitoci da ofisoshin 'yan sanda na kusa a makon, kada a jira na uku.